Neman Nomau Mai Rijiya a Littattafan Ƙidaya

Tun da na dawo Zariya ban huta ba. Duk wanda ya gan ni, a ƙofar masallaci ko wurin mai shayi, sai ya ce, "Malam Sabo, yaya Zamfara? Ka samo kakan naka?" Wasu don Allah suke tambaya, wasu kuma so suke su ji ko an tare ni a hanya. Wanda na ba rabin labari sai ya ƙarasa sauran da bakinsa, har ta kai na ji wai tukunyar azurfa na je tonowa. To ga shi nan na rubuta, wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta, in sha shayina cikin kwanciyar hankali.

Kakana na wajen uwa sunansa Nomau, sana'arsa haƙar rijiya. A Tudun Wada ta Gusau akwai tsohuwar rijiya da shi ya haƙa ta, har yau ana shan ruwanta. 'Ya'yansa biyu ne, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da yayarta wadda muke kira Inna. Inna tana nan da ranta, ta tsufa tukuf, idanu sun tafi amma baki bai je ko'ina ba. Tana yarinya ƙarama uban nasu ya fita aiki wata kaka, bai sake dawowa ba. Mutane suka ce gudun haraji ya yi, ya bar mata da 'ya'ya. Da wannan gori suka tashi, da shi aka aurar da su.

Bana mutanen unguwa suka haɗa hannu za su sa wa rijiyar famfo mai aiki da hasken rana, a kafa allo a rubuta sunan wanda ya haƙa ta. Shugaban kwamitin, wani Alhaji Mamman, ya ce shi ba zai yarda a ɗaukaka sunan mutumin da ya gudu ya bar iyalinsa ba. Maganar ta kai kunnen Inna, sai ta sa aka kira mata ni a waya.

"Kai ad da boko," in ji ta. "An ce lokacin ƙidaya kowa rubuta shi aka yi. Ka tai ka biɗo mani inda Baba yat tai. In guduwa yay yi, in sani. In ba guduwa yay yi ba, in sani tun ban mutu ba."

Ni kuwa tarihi na koyar a sakandare har na yi ritaya, saboda haka na ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan ai kamar an gama ne. Allah ya yafe mini wannan cika baki.

Na shiga ƙaramar mota ta Gusau da sassafe, don yanzu ba mai hankalin da zai bari rana ta yi masa sanyi a wannan hanya. Mu huɗu a baya, da buhun barkono a bayanmu wanda ya sa muka yi ta atishawa har Funtuwa. Daga nan hira ta mutu, kowa ya kama carbi. Da muka shiga ƙasar Zamfara aka tsayar da mu a wani shinge, jami'in ya leƙo ya ga jakata cike da takardu, ya tambaye ni ina za ni. Na ce masa neman kakana za ni.

Nan take fuskarsa ta canza. "Subhanallahi. Yaushe aka ɗauke shi?"

Kafin in buɗe baki mota ta ɗauki addu'a. Wannan yana cewa Allah ya kuɓutar da shi, wancan yana tambaya ko sun kira waya. Da ƙyar na samu na ce musu ba ɗauke shi aka yi ba, ɓacewa ya yi tun zamanin Turawa. Wata Hajiya da ke kusa da ni, wadda ta riga ta fara share hawaye, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, kai ko ba ka da aikin yi." Har muka isa Gusau ba ta sake yi mini magana ba, kuma ta janye gyaɗar da take ta miƙo mini.

A Gusau na fara gane cewa abin da nake koyarwa a aji daban, abin da ke ƙasa daban. Takardun ƙidayar ƙasa gaba ɗaya, duk wanda na tambaya sai ya nuna mini wani gari mai nisa, kuma ya ce ko na je adadi zan tarar, ba sunaye ba. Sunaye suna cikin ƙidayar da ake yi duk shekara saboda haraji, wadda malamin ƙidaya ke bi gida gida yana rubuta mai gida da sana'arsa da yawan iyalinsa. Waɗannan littattafai kuwa da yawansu a gidajen malaman suka ƙare, hannun jikoki.

Aka haɗa ni da wani Malam Isiya, jikan malamin ƙidayar da ya yi wannan yanki. Mutumin kirki ne, amma samunsa sai an yi da gaske. Yau yana gona, gobe ya tafi ɗaurin aure, jibi an ce yanzun nan ya fita. Ranar da na ritsa shi ya ce littattafan suna nan lafiya cikin adaka a ɗakin uwargida. Muka je. Adaka tana nan, amma kaza tana kwanci a kanta, cikin tsohon kwando.

"Ba a taɓa ta," in ji matar daga bayan labule. "In ta tashi ba ta komawa, ƙwai su lalace. Ku bari ta ƙyanƙyashe."

Na ce, "Hajiya, daga Zariya na zo."

Ta ce, "Ita ma ba jiya taf fara ba."

Malam Isiya ya dube ni, ya dubi labule, ya ce in yi haƙuri. A gidana in na ce a ɗauke kaza ana ɗauke ta, ko aƙalla haka nake gaya wa kaina. Amma nan na zama ɗan kallo. Haka na yi ta zarya ina gaishe da kaza, tana harara ta da ido ɗaya, har Allah ya sa 'yan tsaki suka fito. Ban taɓa murnar haihuwar wata dabba irin wannan ba.

Da aka buɗe adaka sai ga gara ta riga ni yin bincike. Ta cinye unguwanni sukutum. Amma Tudun Wada ta tsira, kuma cikin wani littafi mai warin ƙasa na gan shi: Nomau, mai ginan rijiya, mata ɗaya, 'ya'ya biyu. Ban san lokacin da hawaye ya zo mini ba, don ban taɓa ganin sunansa a rubuce ba. Na bi shi littafi bayan littafi, yana nan, yana nan, sai a wani aka ja masa layi. A gefe malamin ya rubuta: ya tashi, ƙasar Tsafe.

Labari ba ya kwana a Gusau. Da la'asar na haɗu da Alhaji Mamman a bakin rijiyar yana duba masu aikin famfo, ya tare ni da fara'a.

"Malam, na ji ka samo takarda. Ya tashi, ko ba haka ba? To mu mi munka ce?"

Na ce masa tashi daban, gudu daban. Ya ce to in kawo masa bambancin a rubuce. Da na gaya wa Inna abin da na gani, ba ta ce komai ba sai, "Wanga na sani tun ina ɗiya. Abin da ban sani ba nis sa ka biɗa." Na kwana da haushin mutum uku: Alhaji Mamman, da malamin ƙidaya da ya yi rowar tawada, da shi kansa tsohon da ya tafi bai bar sallahu ba. Ni jikansa ne, ina da ikon in yi masa tsiya ko yana kabari.

Na koma Tsafe. Masaukin da na samu yana da fanka, amma ado ce, kuma kuɗin cizon ɗakin sun karɓe ni kamar sun daɗe suna jiran ɗan'uwa. Da safe mai masaukin ya kawo mini hoce, wani irin tuwon dawa ne da ake gasawa ya bushe, ya ce in ci in ji abincin maza. Na gatsa, sai da na lalubi haƙorina in ji ko yana nan. Mu a Zariya abin da ya kai wannan tauri gini muke yi da shi. Daga baya na ga su jiƙa shi suke yi da miya ko nono, amma ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini sai da suka gama dariya.

Littattafan Tsafe kuwa, gidan da suke an adana su tsaf, cikin ajami mai kyau kamar rubutun allo. Na zauna a zaure na bi su shafi shafi har idona ya yi ja. Maƙera suna nan, marina suna nan, har makaɗa da 'yan kama an rubuta. Nomau mai rijiya babu shi, ko sau ɗaya. Gusau ta ce ya tafi Tsafe, Tsafe ta ce ba ta gan shi ba. Na fara tunanin ko Alhaji Mamman ne mai gaskiya, kuma wannan tunani ya fi kuɗin cizo hana ni barci.

Mai gidan ne ya ga na rufe littafi na dafe kai, ya ce, "Malam, in mai rijiya kaka biɗa, ka tai Bilbis. Can akwai rijiyar da aka kira da sunan ga."

Na hau babur. Ɗan acaɓan ya gindaya mini sharaɗi tun kafin ya tada inji: in rana ta karkata zai juyo, da ni ko ba ni. A Bilbis aka kai ni wurin wani dattijo, Baba Ɗandare, yana zaune gindin bedi, wato dogon yaro, yana tufkar igiya. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin lokacin da ɗan acaɓa ya ba ni. Ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, ya tambayi Zariya, ya sake komowa kan gida. Da na ambaci Nomau sai ya ajiye igiya ya fashe da dariya.

"Nomau! Ai ga rijiyatai can. Tsohona ya sha ba mu labarinai. Kai wane nai na?"

Na ce jikansa ne, kuma na duba littafin ƙidaya kaf ban gan shi ba.

"Ina za ka gane shi? Ai ɓoye shi anka yi."

Sai ya warware mini. A wancan zamani, in ji shi, duk baƙon da malamin ƙidaya ya iske a gari, garin ake rubuta wa shi. In kuwa an rubuta ba a gogewa. Baƙo raɓa ne, gobe ya wuce, amma mutanen gari su yi ta biyan harajin kansa shekara da shekaru. Saboda haka da an ji malamin ƙidaya na tafe sai a ɓoye baƙi. Mai tallan koli a tura shi rumbu, ɗan ci-rani ya shige karan dawa.

"Shi ko Nomau ba shi da wahala," in ji Baba Ɗandare. "Rijiyad da shika gina, ita aka sa shi ciki. A ba shi gorar ruwa da dawon fura, a zura shi, a rufe baki da zana, a tula kara bisa. Malam ya zo ya ga tarin kara ya wuce. In ya tai a buɗe, a ce Nomau hito, an gama ƙirgar mutane, saura aljannu!"

Ya yi dariya har da tari, waɗanda suka taru ma suna ta yi. Ni ban yi ba. Ina zaune ina tuna kwanakin da na yi ina gadin kaza da waɗanda na yi ina ciyar da kuɗin cizo, saboda littattafan da kakannin mutanen nan suka riga suka yi wa ƙarya tun ba a haife ni ba. Kuma ga jikokinsu suna alfahari da abin. Amma dai na samu abu ɗaya: a Bilbis aiki ya kawo shi, ba gudu ba. Na tambaya daga nan ina ya yi. Baba Ɗandare ya ce wani mutum ya zo daga wajen Rawayya, ƙasar Bunguɗu, ya tafi da shi don su ma suna son ruwa. Daga nan ba su sake jin ɗuriyarsa ba. Ɗan acaɓa ya riga ya fara danna ham.

Na ratsa Gusau ban shiga gida ba, don ba ni da fuskar da zan sake zuwa wa Inna da rabin magana. A Bunguɗu, duk da abin da na ji a Bilbis, sai da na nemi littattafai. Hali zanen dutse. Na same su wurin wani tsohon malami, kuma a nan matsalar ta juye: Nomau ya yi yawa. Duk yaron da aka haifa lokacin noma a ƙasar nan Nomau ne. Nomau manomi, Nomau mahauci, Nomau mai jaki, Nomau ƙanen Nomau. Na ga gida guda mai Nomau uku. Mai rijiya ne kaɗai babu. Na rufe littafin na ce da malamin, in na sake taɓa takarda a tafiyar nan ya tsine mini. Ya ce shi ba ya tsinuwa, amma zai yi mini addu'a.

A Rawayya na canza salo. Na daina tambayar mutum, na koma tambayar rijiya. A majalisar bakin kasuwa suka yi ta lissafo mini rijiyoyi da waɗanda suka haƙa su, har wani ya ce ai akwai wani ƙauye can baya da aka fara rijiya ba a ƙarasa ba. Na ga wani dattijo ya taka masa ƙafa. Wannan takun ƙafa shi ya kai ni ƙauyen. Ba zan faɗi sunansa ba, na yi alkawari.

Na isa da hantsi. Mai garin tsoho ne siriri, mai farin gemu, ya karɓe ni hannu bibbiyu. Da na ce na zo tambaya ne kan wani mai haƙar rijiya, Nomau, sai ya dubi ƙasa ya ce, "Baƙo ba ya magana da ƙishirwa." Aka kawo ruwa. Na sha, na buɗe baki, aka kawo fura da nono. Na sha, na buɗe baki, aka ce ana dama kunu. Bayan kunu ga dambu da zogale. Na ce wallahi na ƙoshi, ya ce ai an riga an kama zakara. Mu a Zariya in baƙo ya ce ya ƙoshi sau biyu, ana ƙyale shi ya faɗi abin da ke tafe da shi. Nan kuwa duk lokacin da na ce "Nomau" sai wani kwano ya shigo. Azahar ta yi, muka yi salla, muka dawo, ga zakara ya iso.

Haƙurina ya ƙare. Na ture kwanon, abin da ban taɓa yi a gidan mutum ba, na ce, "Baba, don girman Allah a daina ciyar da ni. Akwai tsohuwa a Gusau, 'yarsa ce, ta kusa kabari, tana jiran magana ɗaya. In kun sani ku faɗa, in ba ku sani ba in kama hanya tun da rana."

Sai ya sallami kowa daga zauren.

"Ɗiyatai tana da rai?" ya tambaya.

Na ce tana da rai.

Ya ce, "Inna lillahi." Ya shafa gemu. "Tsohona shi am mai gari lokacin. Da za shi rasuwa ya bar mani wasiyya, ya ce in wani ya taho biɗar mai rijiya, in hwaɗa mai gaskiya. Kai na na hwarko da yat taho."

Ga abin da ya faɗa mini. Nomau ya yi nisa da haƙa, har ya fara jin danshi, sai aka ce malamin ƙidaya na tafe. Suka yi yadda kowa ke yi. Suka zura shi, suka rufe da zana, suka tula kara. Amma uban mai garin nan yana son malamin ya sassauta musu, saboda haka ya yanka masa akuya. Malam ya ga nama, ya ga inuwar tsamiya, ya ce a nan zai sauka. Tsamiyar kuwa a bakin rijiyar take. Nan aka yi masa shimfiɗa, nan yaransa suka ɗaure dabbobinsu. Ba wanda ya isa ya taɓa tarin karan nan malam yana kallo. Washegari, don kada ya lura da yadda hankalin mutane ya tashi, sai suka ƙara masa wani abincin. Shi kuma ya ga karamci, ya ƙara kwana.

"Da yat tai anka buɗe, anka yi kira," in ji mai gari. "Shiru. Iska ta ƙare mai ciki. Bai ko yi kuwwa ba, Malam. Da ya yi kuwwa da an jiya, da malamin ma ya jiya. Ya san in ya yi, garin ga duka ya shiga uku."

Suka fito da shi, suka yi masa wanka da salla, suka binne shi nan gefe. Rijiyar kuma suka cike ta, don ba mai iya shan ruwanta.

Na zauna kamar an zuba mini ruwan sanyi. Sai kuma wani irin haushi ya taso mini wanda ban taɓa ji ba. Na ce, "To shi kenan? Ba ku aika gida ba? Gusau ce fa, ba Makka ba! Ku ba ku da ƙafa? Matarsa ta mutu ana ce mata matar wanda ya gudu. Uwata ta mutu da wannan gori."

Bai kare kansa ba. Ya ce, "In anka aika, sai an hwaɗi yadda yam mutu. In an hwaɗi, an san mun ɓoye mutum, tsohona ya tai gidan yari. Da Turawa sunka tai, haraji ya tai, sai munka ga an daɗe. Wa za shi tashi ya ce ga abin da munka yi shekara kaza? Tsoro yaf fara, Malam. Kunya ta ida."

Ya kai ni wurin. Tsakiyar gonar gero ne, wani ɗan fili da ba a nomawa, an kewaye shi da duwatsu. Tsamiyar ta daɗe da faɗuwa. Ya ce duk wanda ya gaji gonar ana gaya masa kada garma ta taɓa nan, amma yaran yanzu ba su san dalili ba. Na durƙusa na yi masa addu'a. Da na tashi mai garin ya riƙe hannuna ya ce in roƙa musu gafara wurin Inna, kuma in tsaya a ɗaure mini sauran zakaran in tafi da shi. Mutanen nan har gobe in magana ta yi musu nauyi, abinci suke ɗora mata.

Na iso Tudun Wada da la'asar. Inna tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta ji takuna ta ce, "Sabo na?" Na zauna kusa da ita. Duk hanya ina shirya yadda zan rage wa maganar kaifi, amma da na fara sai na faɗa mata duka, yadda aka faɗa mini. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta yi tambaya ɗaya.

"An yi mai salla?"

Na ce an yi masa, an kuma binne shi yadda ake binne musulmi, na ga wurin da idona.

Sai ta ɗaga murya ta kira matan gida, ta ce a share ƙofar gida, a fitar da tabarmi, a aika unguwa a shaida wa mutane cewa Allah ya yi wa Nomau rasuwa. Na ce, "Inna, yau shekara nawa?" Ta ce ita yau ta ji.

Haka aka yi zaman makoki na kwana uku, na mutumin da ya rasu tun kafin a haifi liman. Da farko mutane sun ɗauka tsufa ne ya taɓa ta. Da labarin ya zaga sai ga su ƙungiya ƙungiya, har waɗanda iyayensu suka yi gorin. Ni aka zaunar a waje ina karɓar gaisuwa, ana ce mini ya haƙuri, ina amsawa da gaske, don sai a lokacin na ji rashin ya taɓa ni.

Alhaji Mamman ya zo ranar ƙarshe. Ba yadda zai yi, maƙwabci ne, kuma gaisuwar mutuwa ba a yin ta sai an kira sunan mamaci. Ya nemi a shiga da shi wurin Inna, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya ce Allah ya jiƙan Malam Nomau, Allah ya sa ruwan da ya shayar da mutane ya zame masa haske. Bai tambaye ni takarda ba. Ya yi gyaran murya ya ce batun allo kuma, kwamiti ya sake shawara.

Inna ta ce, "Ku rubuta abin da kuka so, Alhaji. Ni ba gani nika yi ba."

Da ya fita ta laluba ta kamo hannuna. Tana murmushi, hawaye na bin kumatunta.

"Tun ina ɗiya, ɗiyar wanda yag gudu aka ce mani," in ji ta. "Yau na zama marainiya, Sabo. Alhamdu lillahi."